Shekarar da Na Yi Boksin da Hannu Ɗaya

Ranar Asabar da ta wuce wasu samari suka zo mini daga Zawaciki, kowa da wayarsa a hannu. Babbansu ya nuna mini bidiyon wani ƙato yana zubar da mutum da naushi ɗaya, ya ce, "Malam Sabo, irin wannan muke so a koya mana. Ƙarfi kam akwai shi, dabarar ce kawai ta rage." Na ce to, madalla. Na miƙa masa igiyar tsalle na ce ya yi mini turmi ɗaya, wato minti uku ba tsayawa. Kafin a kai rabi ya dafa gwiwa yana haki kamar tsohon janareta. Saboda shi da ire-irensa, masu ganin boksin faɗan bakin tasha ne da aka sa wa safar hannu, na zauna zan faɗi yadda sana'ar take. Wanda zai ji ya ji. Wanda ba zai ji ba, jikinsa zai gaya masa.

Ni mutumin Kumbotso ne, kuma da damben gargajiya na fara, hannun dama a naɗe, ana kiɗa ana zuga ni. Na zubar da 'yan maza kaɗan a ƙauyukanmu, kaina ya kumbura. Da na tasa sai na sami aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Aikina shi ne ciro jiƙaƙƙiyar fatar sa daga ramin gishiri in ɗora a kafaɗa in kai ta ganga. Wanda bai taɓa ɗaga ɗanyar fatar sa ba bai san nauyi ba: tana santsi, tana zuba ruwa, gishirin yana shiga duk wata tsaga da ke hannunka. A nan na yi kafaɗa da ƙugu ba tare da na taɓa ƙarfen motsa jiki ba. A nan kuma wani abokin aikina mutumin Filato, Dung, ya ji ina cika baki a wurin cin abinci, ya ce in har na isa in bi shi Bompai ranar Lahadi da yamma.

Wurin wata rumfar kwano ce a bayan wata masaƙa, inda ake jibge matattun injuna. Mai wurin Koci Bitrus ne, mutumin kudancin Kaduna, tsohon soja, mai walda a masaƙar. Gajere ne, hancinsa a baje. Na gaishe shi na ce ni ɗan dambe ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, ɗan dambe, sa safa ka shiga da abokinka." Dung kuwa siriri ne, ko rabin ƙirjina bai kai ba. Na ja dama baya ina jiran in sake masa ita sau ɗaya a tashi. Ban taɓa shi ba. Hagunsa ta riƙa sauka a hancina kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, in na kai duka sai in sami iska. Da aka tsayar da mu jini ya ɓata mini riga. Koci ya miƙo mini tsumma ya ce, "A wurinku hannu ɗaya mashi ne, ɗaya garkuwa. A nan kowanne mashi ne, kowanne garkuwa. Ƙafafunka kuma ba turaku ba ne. In za ka iya mantawa da abin da ka sani, ka dawo Talata."

Na dawo. Watanni na yi bai bar ni na naushi komai ba. Ya ja layi da alli a kan siminti, ya ɗaure mini idon sawu biyu da robar tayar keke, ya ce in yi gaba in yi baya ba tare da ƙafafuna sun haɗu ko sun sarƙe ba. Daga Challawa nake tahowa bayan an tashi aiki, in ratsa garin Kano gaba ɗaya a kan keke, in zo in yi ta tafiya a kan alli kamar mai taɓin hankali. Wata rana na gaji na ce, "Koci, ni fa duka na zo koya." Ya ce, "Duka kowa ya iya, har jaki. Zuwa wurin dukan da barin wurin, shi ne sana'ar."

Kayan aikinmu duk da hannunmu muka yi su. Buhun naushi tamfol ɗin tirela ne da wani baduku ya ɗinke mana, muka cika shi da ƙyallayen masaƙa da dusar katako. Kada wani ya ruɗe ku ku cika buhu da yashi zalla, yashi yana daskarewa a ƙasa ya zama dutse, ya cinye muku wuyan hannu. Bandeji ragowar yadi ne muke yankawa. Naɗa shi ma ilimi ne: ka fara daga wuyan hannu, ka zagaye babban yatsa, ka ratsa tsakanin yatsu, ka yi wa ƙasusuwan gaba matashi, kuma kana naɗawa yatsunka a buɗe, don in ka dunƙule ya kama daidai. Safar hannu kuwa kaɗan ce gare mu, kowa ya cire ya miƙa wa na baya da zufarta, warinta har ya fi na ramin jima. Robar baki a ruwan zafi ake tsoma ta a ciza ta ɗauki siffar haƙora. Dandalin kansa Koci ne ya yi waldar bututu huɗu, muka zagaye su da igiyar ɗaurin kaya.

Abokin gabar da ya fi daɗewa tare da ni sikeli ne. Ni ɗan ajin kilo sittin ne, jikina kuma kullum so yake ya haura. A irin namu boksin, na masu wakiltar jiha da ƙasa, duk safiyar da za ka yi faɗa sai ka hau sikeli, in ka ɗara ko da nauyin lomar tuwo ne an cire ka, ba roƙo ba magiya. A kan sikelin awon fata na kamfaninmu nake gwada kaina. In gasa ta matso sai in sa rigar ruwa a cikin kayan sanyi in yi gudu a titin Challawa da rana tsaka, manyan motoci suna busa mini hayaƙi, direbobi suna leƙowa suna tambaya ko lafiya. Na je bukukuwa da yawa na zauna ina kallon shinkafa kamar ba a gayyace ni ba. Wannan ba a sa shi a bidiyo.

Kowace sana'a da abokan cinikinta. Namu iri biyu ne: wanda yake tsaye a gabanka, da alƙalan da suke zaune a gefen dandali suna ba da maki. Na farko in ka karance shi za ka iya da shi. Akwai mai shigowa kamar ambaliya, wannan ka bar shi ya zubar da ƙarfinsa a turmin farko. Akwai mai jira ka yi kuskure, wannan ka sayar masa da kuskuren ƙarya. Alƙalai kuwa ba ka da yadda za ka yi da su sai dai ka sa naushinka ya fito fili, kansa ya yi baya kowa ya gani. Da haka na ci jiha, na ci gwajin ƙasa a Legas, aka ba ni riga mai kore da fari. Na yi faɗa a ƙasashen maƙwabta, na yi a gabashin Afirka, na ci na sha kaye. Kowace tafiya sai na je ofishin manaja na roƙi hutu, in dawo ranar Litinin in koma ramin gishiri da kumburarren ido.

Akwai faɗa ɗaya da ya tsaya mini. A wata ƙasa ce ta arewacin Afirka, aka haɗa ni da ɗan masu masaukin baƙi, dogo, bahago. Bahago yana tsayawa ne da dama a gaba, duk abin da ka saba sai ya juye maka. Turmin farko ya wahalar da ni. Daga na biyu na gano shi, na riƙa dasa masa dama a tsakiyar fuska har robar bakinsa ta faɗi. Da aka kaɗa ƙararrawar ƙarshe shi da kansa ya sunkuyar da kai ya nufi kusurwarsa. Alƙalin tsakiya ya riƙe hannuwanmu, aka yi sanarwa, sai na ga an ɗaga nasa. Na tsaya cak. Na ɗaga hannuna da kaina na zagaya dandalin, kusurwa zuwa kusurwa, jama'arsu suna ihu suna fito. Jami'in tawagarmu ya riƙa ɗaga mini hannu daga ƙasa yana cewa, "Sabo, sauko, kada ka ja mana!" Sai da na gama zagayena na sauko.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarar. Masaƙar Bompai ta rufe, aka sa kwaɗo a ƙofa da buhunmu da dandalinmu a ciki. Ba a yi nisa ba Koci ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta koma gurnani. Kamfanin jima ya rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka sallama. Sannan a wani atisaye, da wata tsohuwar safa da audugarta ta gudu gefe, na naushi goshin wani yaro na ji ƙas a bayan hannuna na dama. Ƙashi ya karye. Aka naɗe mini shi a asibiti tun daga yatsu har kusa da gwiwar hannu, likita ya ce ko ya warke ba zai koma kamar da ba.

Ina cikin wannan hali jami'in tawagar nan ya kira ni a waya. Ya yi mini jaje, sannan ya ce, "Ka yi wa ƙasa ƙoƙari, amma shekaru sun ja, ga kuma hannu. Ka huta haka nan. Sabon jini muke nema a ajinka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni ne Sabo."

Ya yi dariya ya ce, "Ka ji ka da wasa."

Na ce, "Ba wasa nake ba. Ku ajiye mini rigata."

Na sami aikin gadin rana a wani kamfanin robobi a Sharada. A bayan katangarsa akwai wata bishiyar darbejiya, na rataya tsohuwar tayar mota a reshenta. Hannun dama na rataye a wuya, na fara aiki da hagu ita kaɗai. Miƙaƙƙen naushi, sau biyu a jere, sau uku, sannan lanƙwasasshe mai zuwa ta gefe ya sauka a muƙamuƙi. Da can haguna 'yar aike ce, tana buɗe wa dama hanya. Yanzu ba wanda za ta buɗe wa, dole ta koyi gama aiki da kanta. Taya ba ta da tausayi, fatar yatsuna ta sale ta warke ta sake salewa. Ma'aikata in sun fito hutun rabin rana sai su tsaya da kokonsu suna kallo. Wani Bazabarme mai dako ya ce mini, "Malam, wanda ya ɓata maka rai ka yafe masa mana, tayar nan ba ta da laifi."

Duk Lahadi bayan sun taso daga coci, Mama Saratu matar Koci takan ɗauko shi daga Hotoro a Adaidaita Sahu. Mu kama shi mu zaunar a kan benci a inuwa. Ba ya iya ba da umarni da baki, sai ya koma yi da sanda. In ya buga ƙasa sau ɗaya, in matsa hagu. In ya buga sau biyu, ƙafata ta makara. Wata Lahadi ya sa Dung ya tsaya mini a matsayin bahago, ya miƙa sandar ya tura ƙafata ta gaba har ta fita wajen ƙafar Dung, ya nuna kafaɗarsa ta dama, ya nuna haɓarsa. Na gane. In ƙafarka tana waje, bahago ya miƙo damarsa, akwai taga a saman kafaɗar, lanƙwasasshiyar hagu ta nan take shiga. Mama Saratu ta ce, "Sabo, ka san a gida ko cokali ba ya yarda ya riƙe? Sai an ce za a zo nan yake neman sandarsa."

Da aka kwance mini hannu ya fito a ƙanjame kamar na wani. Ya warke, amma in na sake shi da ƙarfi sai zafi ya harba har kafaɗa. Na mai da shi mai gadin haɓa, ina nuna shi dai don a ji tsoro. Na shiga gasar jiha na ci. Wanda ya ci jiharsa kuwa ba mai hana shi shiga gwajin ƙasa, ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba. Na hau motar haya na tafi Legas. Jami'in ya gan ni a layin sikeli ya ce, "Kai kuma wa ya kira ka?" Na ce, "Sikeli." Yaron da suke ji da shi ƙwararre ne, ba zan rage masa ba, yana da sauri kamar walƙiya. Amma an gaya masa damata ce abin tsoro, shi ya sa ya yi ta kallon hannun da ba ya aiki, ɗayan yana cinsa. Alƙalai duka suka ba ni. Aka kawo rigar aka ba ni ba tare da an haɗa ido da ni ba.

Gasar nahiyar Afirka a wata ƙasa ta daban aka yi ta, kuma a lokacin an daina sa wa maza hular kariya, kai tsirara ake shiga. Na ci faɗana na farko. Na biyu, wanda duk ya ci shi ya tabbata da lambar yabo, sai ga bahagon nan. Ya gane ni, ya ɗaga mini gira a wurin awo. A turmin farko na fitar da ƙafata waje kamar yadda aka nuna mini da sanda, ya miƙo dama, na aika hagu ta saman kafaɗarsa. Ta shiga. Ya ja baya yana mamaki, don damata yake jira irin ta wancan karo. A turmi na biyu ya shigo da kai, goshinsa ya haɗu da girata ta hagu. Ban ji zafi ba, ɗumi kawai na ji yana gangarowa, sai idon ya rufe da ja.

Alƙalin tsakiya ya tsayar da faɗan ya kai ni wurin likitar dandali. Wata mata ce mai farin gilashi, Faransanci take yi, ni kuma ba na ji. Ta goge, ta buɗa tsagar da yatsu biyu, ta girgiza kai. Na san abin da girgizar nan take nufi: in ta ce a tsaya, alƙalai ne za su yanke hukunci da makin da ke hannunsu, ni kuwa na riga na ɗanɗana hukuncinsu. Na buɗe idon da ƙarfi na dube ta, na ce da Hausa, "Hajiya, ina gani. Wallahi ina ganinki sarai." Ban san abin da ta fahimta ba. Ta ɗaga yatsa ɗaya a gaban fuskata, ma'ana dama ɗaya, ta koma ta zauna.

A hutun turmi mai horar da tawagar ƙasa ya danna mini auduga a girar ya ce, "Kana gaba, ka yi ta zagayawa, kada ka tsaya." Na tofar da ruwa na ce, "Wancan karon ma ina gaba." Da aka kaɗa na fita na tsaya a tsakiyar dandali. Bahagon ya ga jini, ya yi kwaɗayi, ya riƙa jefo dama yana neman tsagar. Na bar shi ya taɓa sau ɗaya, sau biyu. A na uku na nuna masa damata kamar zan sake ta, ya kauce zuwa inda nake so, na juya ƙugu na sa masa hagu a muƙamuƙi da duk nauyin fatun da na taɓa ɗauka. Ƙafafunsa suka naɗe. Ya tashi kafin a gama ƙirga, amma idonsa ba ya wurin. Alƙali ya dube shi, ya rungume shi, ya kaɗa hannu. Wannan karon ba a tambayi masu maki ba.

Washegari a wurin awo likitoci suka duba ɗinkin girata suka ce ba zan hau ba. Na yi musu, na roƙa, na ce a liƙe da filasta, suka ƙi. Wanda ya kamata in kara da shi ya wuce ba tare da ya yi zufa ba, aka rataya mini tagulla. In kun ji ana cewa Sabo na uku ya zo, haka ne. Amma ku tambaya ko akwai wanda ya doke ni a gasar nan.

Ba wanda ya tare ni a filin jirgi. Na sauka Kano na wuce Hotoro da jakata. Koci yana kan tabarma a tsakar gida an jingina shi da bango. Mama Saratu ta ce maƙwabta sun nuna masa faɗan a waya, ya sa an maimaita masa har cajin ya ƙare. Na durƙusa na ce, "Koci, ga ta," na sa masa lambar a cinya. Ya dube ta kaɗan ya ture ta gefe. Ya kamo wuyan rigata da hannunsa mai lafiya ya jawo ni, ya buga goshinsa a hankali a kan girata mai ɗinki, sannan ya tura kaina gefe ya sake turawa. Mama Saratu ta ce, "Wai cewa yake kai ka tsaya wa bahagon a hanya. Da ka kautar da kai da ba a fasa maka ido ba, da ka kai ƙarshe." Na ce, "Gaskiya ne, Koci." Ya nuna ƙofa da haɓa. Ta ce, "Wai ka je ka gyara."

Na je na gyara. Na ci gaba da hawa dandali shekaru bayan haka, ina gadi da rana a Sharada, ina riƙe da ajina, duk yaron da aka turo ya karɓi rigar sai ya koma ya ƙara shiri. Jami'in nan ya yi ritaya ya bar ni a kilo sittin. A irin namu boksin doka ta ce in ka cika arba'in ka sauka, ko kana so ko ba ka so. Ranar da na cika na naɗe bandejina na sauka da ƙafafuna. Doka ce ta sauke ni. A cikin 'yan maza ba a sami wanda ya iya ba.